Mai In'ina Ba Abin Dariya Ba Ne

'Yan uwa marubuta, mu faɗa wa kanmu gaskiya. A littattafanmu mai in'ina abin dariya ne, kurma kuwa ɗan aike da ake daka wa tsawa. Mun iya kwaikwayonsu, ba mu san ciwonsu ba.

Sanƙarau ya ratsa Zamfara a 2017, kuma ciwo ne da kan tafi da jin yaro ko ya tashi. Uwa a Birnin Tudu ina za ta nufa? In rubutun sha ya gaza, sai a ce mata asibitin kunne na Kaduna, in tana da kuɗin mota.

Gyaran magana da gwajin ji fanni ne da ake karantawa a jami'a, Ibadan ta daɗe tana koyar da shi. Mu kuwa kowa likita ko lauya! To wa zai gwada ƙ, ɗ da ts a bakin yaronmu? Baƙo ya ji ɗan Bakura ya ce "hwara" maimakon "fara", sai ya rubuta masa lalura, alhali harshen uwarsa ne.

Masu kunnen Hausa a zauren nan da ke cike fom ɗin JAMB bana, da ku muke.