Liƙin da Ba Dalma: Jan Hankali ga Masu Gyara da 'Yan Kasuwa

Sanannen abu ne a kasuwannin Wurno da Rabah da Goronyo cewa ƙorafi ya yawaita a kan kayan lantarki na zamani. Rediyo ko wayar hannu ko fitila mai aiki da hasken rana, a gyara yau, bayan mako guda a komo da ita. Mai kaya ya zargi mai gyara, mai gyara ya zargi ɗan kasuwa. Alhali kuwa sau da dama tushen matsalar yana cikin ɗan ƙarfen da ake narkawa a liƙe wayoyin ciki da shi.

A da, ana haɗa wannan liƙi da kuza kashi 63 da dalma kashi 37, yana narkewa a zafin digiri 183. Amma dalma guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Saboda haka tun daga 1 ga Yuli 2006 Tarayyar Turai ta hana ta a mafi yawan kayan lantarki, masana'antun duniya suka bi sahu. Liƙin da ya maye gurbinta, watau kuza da 'yar azurfa da jan ƙarfe, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 217. Ya fi tauri, shi ya sa ya fi saurin tsagewa in kaya ya faɗi ƙasa. Kana kuma in an zo gyara, ƙarfen da bai yi zafi sosai ba yakan bar liƙin bai kama ba, wanda ya zarce kuwa ya ƙone allon.

Wasu na cewa a koma wa dalma a huta. Wannan ba shawara ba ce. A 2010 yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara saboda gubar dalma. Ko da yake daga dutsen zinariya ta fito, gubar ɗaya ce da wadda ke manne wa yatsun almajirin mai gyara, ya ci tuwo da ita.

Abin da ya kamata shi ne mai gyara ya nemi ƙarfen da ake iya daidaita zafinsa, ya kwashe tsohon liƙi sarai kafin ya sa sabo, domin gamin gambiza ba ya ƙarko. Ɗan kasuwa ya faɗi irin liƙin da yake sayarwa, tun da malamai sun daɗe da bayyana cewa ɓoye aibin haja ha'inci ne. Mai kaya kuma ya biya ladan aiki cikakke, gama araha ba ta ado.

Wanda ya kiyaye waɗannan ya tsare dukiyar jama'a da lafiyar 'ya'yansu. Allah ya sa a gane.