Ganyen da muke sayarwa ba mu ci: kira ga ƴan kasuwa kan hawan jini

Ƴan'uwa ƴan kasuwa, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Ƙonni zuwa Illela, da wuya a samu rumfar da ba a san wani da hawan jini ya kayar ba. Cutar ba ta sallama: mutum yana ciniki lafiya lau, sai a ji ɓarin jiki ya shanye. Ra'ayinmu shi ne wani ɓangare na rigakafin yana cikin kayan lambun da muke saye da sayarwa, amma muke rena su a akushinmu.

Alayyahu da salati da beterab suna ɗauke da wani sinadari mai suna nitirat. Idan muka ci, jini yana maido da wani kaso nasa cikin miyau, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke kan harshe su juya shi ya koma nitirit. Da muka haɗiye, jiki yana samar da nitirik oksayid daga gare shi, wanda ke sassauta jijiyoyin jini, bugun jinin ya sauka. Gano aikin nitirik oksayid ne ya sa masana 3 na Amurka suka samu kyautar Nobel a 1998.

An gwada abin. A 2008 masu bincike a Landan sun shayar da masu lafiya rabin lita na ruwan beterab, jininsu ya sauka cikin ƴan sa'o'i, amma da aka sa su tofar da miyau maimakon haɗiyewa, sai amfanin ya ɓace. A 2015 sun ba masu hawan jini kwatan lita kullum har mako 4, awon sama ya ragu da kusan 8 a lissafin Nijeriya, inda ake cewa 140 bisa 90, wato ya kusa 1 a namu lissafin na 14 bisa 9.

To mu fa, me muke ci ranar kasuwa? Shinkafa da mai, tsire, taliyar leda, miyar da ta sha dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙule cike yake da gishiri, kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri mai tada jini. Ganye ba zai gyara abin da waɗannan suke ɓatawa kullum ba.

Sai dai a yi hattara. Nitirit ɗin da ake zuba wa naman gwangwani da sosis don kada su lalace ba kariya ba ne, domin a 2015 hukumar ta sa irin wannan nama cikin abubuwan da ke jawo cutar kansa. Ruwan rijiyar da taki ya gurɓata da nitirat kuwa haɗari ne ga jarirai. Sannan wanda likita ya ɗora kan magani kada ya bari don ya ci salati.

Abin da muke kira gare shi ba ya da tsada. Mu nemi masu tuwo su yawaita ganye su rage dunƙule, in masu saye suka nema za su yi. A wanke salati da ruwa mai tsabta. Shugabannin ƙungiyoyinmu su haɗa kuɗi su sayi na'urar awon jini, su gayyaci ma'aikacin lafiya ranar kasuwa. Wanda ya ga 14 bisa 9 ko sama da haka sau da sau ya tafi asibiti, ya bar ƙwayoyin da ake talla a faranti.

Muna auna hatsi da tiya, muna ƙirga sefa da naira har dare. Jininmu ma ya cancanci awo, tunda mai jari in ya kwanta, rumfa rufewa take yi. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.