Tayar Hunturu Ba Ta Hunturunmu Ba Ce

A wannan makon muna so mu yi magana a kan taya. Mun san wasu za su yi dariya, su ce me ya haɗa 'yan aji biyu da taya alhali ko keke ba su mallaka ba. To ku tsaya a bakin get da safe ku ƙirga. Da yawanmu a bayan babur ake kawo mu, wasu a roba-robar yaya ko ta baba, mutum biyu ko uku har da jakunkuna. Idan taya ta zame, mu ne a ƙasa.

A ƙasashen sanyi irin Jamus akwai taya ta musamman da ake sa wa abin hawa idan sanyi ya shigo. Masu fassara suna kiranta tayar hunturu. Masu mota a can sukan sa ta daga watan Oktoba har zuwa bikin Ista, sannan su cire su mayar da ta zafi. Tun shekarar 2010 dokar Jamus ta ce idan akwai ƙanƙara a kan titi dole mota ta kasance da irin wannan taya. A 2017 aka cire babura daga wannan tilas. Shi ya sa duk shekara masu roba-roba a can suke gardama: a saya ko kada a saya?

Kafin mu faɗi ra'ayinmu, bari mu ga abin da ya bambanta ta da sauran. Kowa ya san yadda man kaɗanya yake yi. Da hunturu ya daskare sai an murza shi a tafin hannu, da bazara kuma ya narke tun yana cikin kwalba. Roba ma haka take, sanyi yana sa ta tauri, zafi yana sa ta laushi. Taya mai tauri ba ta kama titi da kyau. Don haka kamfanoni suka haɗa wata roba mai laushi wadda ba ta sandarewa ko da ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 7. Suka kuma yi mata ƙananan tsaga masu yawa, sirara kamar an yanka da reza, don su riƙa cizon dusar ƙanƙara. Wannan ita ce gogayyar da aka koya mana a darasin kimiyya, wadda wasunmu suka haddace don jarrabawa kawai.

Ga ɗan Jamus da dole ya hau roba-roba zuwa aiki a watan Janairu, mu dai muna ganin ya saya. Kamfanin Heidenau na ƙasarsu yana yin irinta don ƙananan babura. Za ta taimake shi a kan titi mai sanyi da laima. Amma ranar da ruwa ya daskare a kan kwalta ya zama kamar gilashi, gara ya jingine babur ya hau bas. Mota ƙafa huɗu gare ta, idan ɗaya ta zame uku suna nan. Babur kuwa biyu ne, kuma wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce girman katin cirar kuɗi ba.

Yanzu me ya shafe mu? Sunan ne ya fara shafar mu. Mutum zai ji an ce tayar hunturu, ya ce ai mu ma muna da hunturu. Hunturunmu iska ce da ƙura da kaushin ƙafa. A Kano, ko a tsakiyar Janairu da muke zuwa makaranta muna rawar ɗari, da wuya sanyin asuba ya sauka zuwa digiri 7 ɗin nan, kuma kafin a tashi tara rana ta fito mun cire rigunan sanyi. A watan Afrilu kuwa zafi yana kai digiri 40, kwalta ma ta fi haka zafi. Wanda ya taɓa tsallaka titi ba takalmi ya sani.

Abu na biyu shi ne tayoyin gwanjo, waɗanda ake ce wa 'yan Beljiyam. Turawa suna cire tsofaffin tayoyinsu, har da na sanyi, wasu kuma su biyo jirgin ruwa su ƙare a kasuwanninmu, duk da cewa gwamnati ta sa tsofaffin tayoyi cikin kayan da aka hana shigowa da su. An fi ganin na sanyin a cikin tayoyin mota, amma matsalar ɗaya ce ko a babur aka ɗaura. Abin da ke ruɗin mai saye shi ne zanenta yana da zurfi, tana da kyan gani, kuma ta fi sabuwa araha. Sai a ce ai 'yar waje ce, ta fi ƙarko. To robar da aka yi don ƙanƙara, idan ta hau kwaltar bazara laushinta yana yin yawa. Tana saurin cinyewa, kuma idan aka taka birki sai an ƙara tafiya kafin a tsaya. Wannan 'yar tazarar ita ce tsakanin babur da bayan A Daidaita Sahu.

Gane ta ba wuya. A duba gefen taya. Idan an ga hoton dutse mai kai uku da zanen ƙanƙara a cikinsa, ta ƙasar sanyi ce. A bar wa masu ita.

Mu abin da yake kayar da mu daban ne. Da rani yashi ne da iska take sharowa ta tara a kan kwana. Da damina kuwa ruwa ne da taɓo, musamman ruwan farko da yake haɗuwa da ƙura da baƙin mai ya zama santsi. Ga ramuka da ruwa yake rufewa. Tayar wasu roba-roba ƙarama ce, inci 10 ko 12, ta babban babur kuma 17 ko 18, don haka ramin da babba zai haye, ita faɗawa take yi. Aikin zanen taya shi ne ya kori ruwa gefe don roba ta taɓa ƙasa. Idan taya ta yi sanƙo ruwa ba shi da hanyar fita, sai babur ya riƙa tafiya a kan ruwa. Amma sau nawa muke ganin taya har zare ya fito, an kai wa mai faci ya sa mata ƙyallen tsohuwar taya a ciki an ci gaba da ɗaukar yara?

Mun san abin da iyayenmu za su ce: babu kuɗi. Gaskiya ne, ga kuɗin mai ga na cefane. Ba mu raina wannan ba. Sai dai kuɗin ɗori da na asibiti sun fi kuɗin taya, kuma ɗalibin da ya karye a zangon karatu na uku ba za a jira shi da jarrabawa ba. Idan kuɗin taya ɗaya ne a hannu, a fara duba ta gaba, domin idan ta gaba ta zame babu dabara.

Akwai abin da mu ɗalibai za mu iya yi ba tare da ko sisi ba, tunda mun iya karatu. A gefen taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an rubuta 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana cewa taya ta tashi aiki bayan shekara huɗu da yin ta, ko da zanenta bai goge ba. A cikin ramin zanen kuma akwai wani ɗan tudu. Idan saman taya ya cinye har ya daidaita da tudun, ta gama.

Yau idan an koma gida kowa ya tsuguna ya karanta tayar babur ɗin gidansu, ya faɗa wa baba ko yaya cikin ladabi, ba cikin iyayi ba. Muna kuma roƙon shugaban makaranta ya ba ƙungiyarmu minti biyar a taron safe na ranar Litinin. Za mu aro tsohuwar taya da sabuwa a wurin mai facin bakin hanya, mu nuna wa kowa inda lambobin suke.