Mun gaji da "rezo ne": a sa agogo cikin manhajojin da ke ajiye mu layi

 Akwai wata amsa da ta zama ruwan dare a garuruwanmu, har mun daina jin nauyinta. Ka je karɓar kuɗi, a ce maka "rezo ne". Ka je neman takarda, "rezo ne". Ma'aikaci ya kwana bai aika rahoton wata ba, "rezo ne". Rezo ba ya da baki, ba ya da ofishi, ba a kai shi gaban sarki ko perefe. Shi ya sa ya fi kowa dacewa da ɗaukar laifi.

Mu kuwa tambayarmu guda ce: wa ya auna? Wanda ya ce rezo ne, da me ya gane? Matsayinmu shi ne duk wata manhajar da za a kawo a ɗora wa talakan yankin nan, ta kuɗi ce, ta likita ce ko ta meri, dole a sa mata agogo a ciki tun ranar ƙera ta, ta riƙa rubuta tsawon lokacin da kowane mataki ya ci. Wadda ba ta da wannan, aikinta bai ƙare ba, kuma bai kamata a biya wanda ya yi ta ba.

Kar wani ya ce mana wannan zancen manyan birane ne. Mu mutanen awo ne tun kaka da kakanni. Hatsi da tiya muke sayensa, kuma kowa ya san rigimar da ke tashi idan tiyar wani ta fi ta wani ciki. Manomin albasa a fadamar Tarka ya san abin da buhu mai hula ya ci masa. Da damina kunnenmu na kan rediyo, muna jiran a faɗi milimita nawa aka samu a Tamaske, nawa a Karofan, nawa a Bangi. Uwaye mata sun koyi ɗaura zaren awo a damtsen yaro, sun san idan ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115, sai likita. Ruwa ana auna shi, hannun jariri ana auna shi. Lokacin mutane ne kawai aka bar shi yana zuba ba ma'auni.

Bari mu faɗi yadda abin yake, don ba sihiri ba ne. Idan mai kanti ya danna "aika" a salularsa, saƙon yakan bi matakai. Salular ta shirya shi, ta miƙa wa anten. Daga anten ya bi waya zuwa uwar na'ura, wadda ke Yamai ko ma wata ƙasa. Uwar na'ura ta buɗe rumbun bayananta, ta duba, ta rubuta, ta ba da amsa. Amsar ta biyo hanya ta dawo. Mai rubuta manhaja na iya sa layi biyu na umarni a bakin kowane mataki: ɗaya ya duba agogo da shiga, ɗaya ya duba da fita, a cire wannan daga wancan, a rubuta a kaye. Na'ura tana ƙirga wannan da milisakan, wato sakan ɗaya an raba shi dubu. Kamar dai a tasha a rubuta ƙarfe nawa mota ta bar Madawa, ƙarfe nawa ta wuce Galmi, ƙarfe nawa ta shiga Ƙonni. In ta yi latti, ba sai an yi rantsuwa ba, kaye zai nuna inda ta tsaya.

A misalta aiki ya ci sakan 40. Kaye ya nuna sakan 2 a salula, 3 a hanya, 35 a uwar na'ura. To ina rezo a nan? Laifin na can cikin ɗaki mai sanyi, wurin wanda ya rubuta manhajar ko wanda ya ƙi sayen na'ura mai ƙarfi. In kuma kaye ya nuna 35 ɗin a hanya suka tafi, sai mu san ƙofar kamfanin salula za mu buga. Kowace amsa aka samu, an san gidan da za a je.

Masu cewa nisa ne ke jawo jinkiri, ga lissafi. Haske a cikin wayar fibar yana gudun kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya. Daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne. Zuwa da dawowa ke nan milisakan 5, ko ƙiftawar ido bai kai ba. Ko da uwar na'urar tana Faransa, in hanya lafiya take, saƙo ba ya cin rabin sakan. Saboda haka idan tsohuwa ta tsaya minti 3 tana kallon wani abu na juyawa a gilashi, ba nisan Yamai ya cinye mata minti ukun nan ba. Wani abu ne daban, kuma ana iya gano shi.

Ga misali ɗaya da ke yawan faruwa a duniyar manhaja. An ƙera ta tana ɗaukar hoton katin mutum ta aika yadda yake, mai nauyin mega 4. A ƙauyen da rezonsa bai wuce kilobit 100 a sakan ba, hoton nan zai ci sama da minti 5. In an matse shi ya koma kilobait 100, wanda ya isa a karanta suna da lamba, sakan 8 ne. Anten ɗin bai canza ba, salular ba ta canza ba. Mutum ɗaya ne bai yi tunanin Tabotaki ba lokacin da yake rubutu a Yamai. Kuma ba zai taɓa sani ba, tunda bai sa agogon da zai gaya masa ba.

Wanga ba ra'ayinmu ba ne mu kaɗai. Tun 1971 Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya bi ɗimbin manhajojin zamaninsa yana auna su, ya tarar cewa galibi ƙasa da kashi 4 cikin 100 na rubutun ne ke cinye fiye da rabin lokacin aiki. Ma'ana ciwon yakan taru wuri guda ƙarami, kuma da ka ba a gane shi, ko ga wanda ya rubuta da hannunsa. A Amurka ma, ranar 1 ga Oktoba 2013 gwamnati ta buɗe shafin rajistar inshorar lafiya, HealthCare.gov. Ranar farko mutum 6 kacal suka iya kammala rajista a ƙasa mai mutane sama da miliyan 300. Da aka kira ƙwararru ceto, abin da suka fara yi shi ne kafa allon da ke nuna inda lokaci ke tafiya. Kafin watan Disamba, shafin da ke cin kimanin sakan 8 ya koma ƙasa da sakan ɗaya. Idan masu kuɗin duniya ba su iya gyara abinsu ba sai da awo, mu da wane ƙarfi za mu gyara namu da tsammani?

Muna jin masu cewa, "Haba, mutanen da ke neman ruwan sha da hatsi ne za ku dama da milisakan?" Su ɗin ne ma muke magana dominsu. Mai mota da direba ba ya tsayawa layi, aike yake yi. Mai tsayawa ita ce matar da ta taso daga ƙauye tun asuba, ta biya kabu-kabu, don ta karɓi jika goma da mijinta ya aiko daga Abijan ko Legas. A ƙara minti ɗaya kan kowane mutum a layin mutum 120, na ƙarshe ya yi asarar awa 2. In aka rufe ba a zo kanta ba, gobe sai ta sake biyan kuɗin hanya daga cikin jika goman nan. Ga ɗan kasuwar albasa da ya loda mota, abokin cinikinsa a Kumasi ya ce ya aiko, nan kuma ana cewa bai iso ba. Kwana ɗaya cikin zafi, albasa ta fara ruwa, zargi ya shiga tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna hulɗa. Layi ɗaya a kaye mai nuna ƙarfe nawa kuɗin ya shiga, a wane mataki ya maƙale, ya isa ya tsare amanar nan.

Wasu kuma za su ce rezon namu da gaske ba shi da kyau. Ba mu musa ba. Wanda ya taɓa hawa tudu a Garhanga ko Allakai yana ɗaga salula sama ba ya buƙatar a ba shi labari. Kuran ma na ɗaukewa, anten ya mutu. Ai hukumar da ke sa ido kan sadarwa, wadda yanzu ake kira ARCEP, ta ci kamfanonin salula huɗu tarar sama da miliyar 3 na sefa a 2017 kan rashin ingancin aiki. Amma ku lura, da awo ta kama su. Hanya tana da mai auna ta. Manhajar da ke hawa kan hanyar fa, wa ke auna ta? Muddin ba kowa, duk mai aikin ganganci zai ci gaba da ɓuya bayan anten.

Akwai tsoro guda da muke ɗauka da muhimmanci: kar agogon nan ya zama bulalar dukan ƙaramin ma'aikaci. Gaskiya ne, ana iya juya kowane ma'auni a kan mara ƙarfi. Sai dai a duba halin da ake ciki yau. Wa ake zagi idan layi ya tsaya? Yarinyar da ke bayan kanta. Wa ake tuhuma idan rahoto bai shiga DHIS2 ba, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙera wadda ma'aikatar lafiya ke tattara alƙaluma da ita? Majo na likitar ƙauye. Kaye mai gaskiya shi ne shaidarsu: ga lokacin da ya danna, ga sau nawa ya sake, ga inda abin ya ƙi. Abin da muke so a auna shi ne na'ura. Kuma kayen lokaci ba ya buƙatar sunan kowa, ko lambar salularsa, ko cutar da ta kai shi likita. Mataki, wuri, lokaci, ya yi ko bai yi ba. Wanda ya zuba sirrin mutane a ciki ya ci amana, a hukunta shi.

Batun tsada kuwa ba hujja ba ce. Kayan wannan aiki irin su OpenTelemetry da Prometheus kyauta suke, kowa na iya ɗauka. Kuɗin walimar buɗe poroje ɗaya ya fi abin da za a kashe.

Amma a yi hattara, awo ma ana yi masa coge. Babbar dabarar ita ce matsakaici. A ce mutum 90 a cikin gari sun jira sakan 2, mutum 10 a ƙauye sun jira minti 2. In an haɗa an raba, za a rubuta wa minista "kusan sakan 14", ya yi murmushi. Ba wanda ya jira sakan 14 a cikinsu, kuma goman nan sun ɓace cikin lissafi. Waɗanda aikinsu ya yanke gaba ɗaya ma sau da yawa ba a ƙirga su, tunda ba su kai ƙarshe ba balle a rubuta. Don haka a riƙa faɗa mana abin da mutum 5 mafi wahala cikin 100 suka jira, da yawan waɗanda suka koma gida hannu banza, gari gari.

Ga abin da muke nema daga hukumomin gundumominmu, da jagororin lafiya, da ƙungiyoyin da ke kawo mana poroje. Na farko, a rubuta sharaɗin agogo cikin kontara kafin a sa hannu. Na biyu, kar a karɓi aiki don ya yi gudu a ofishin Yamai. A gwada shi a Urno da Ibohaman, a kan ƙaramar salula irin ta talaka, ranar kasuwa. Na uku, manhaja ta ajiye kayenta cikin salula idan rezo ya yanke, ta aika daga baya, in ba haka ba wuraren da suka fi wahala su ne ba za a taɓa jin labarinsu ba. Na huɗu, a karanta sakamakon a rediyon gari duk wata, da Hausa da Tamajak, yadda ake karanta ruwan sama.

'Ya'yanmu da ke koyon wannan sana'a a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, da Maraɗi da Yamai, ku muke kallo. Ku saba da sa agogo tun a aikinku na farko. Ku yi amfani da agogon na'ura mai ƙirga gaba kawai, domin wanda ke kan gilashi yakan yi tsalle idan batir ya mutu ko aka gyara lokaci, ya ba ku lissafin ƙarya. Iyayenku ne za su tsaya layin abin da kuka rubuta.

Mu ma ba sai mun jira kowa ba. Kowace salula tana da agogon ƙirga sakan. Mai kanti, sakataren ƙungiyar manoma, ma'aikacin likita, kowa ya ware shafi ɗaya: rana, ƙarfe nawa, wane aiki, sakan nawa, ya yi ko bai yi ba. A yi haka wata guda a kasuwanni goma, a haɗa. Wanda ya je gaban hukuma da kuka, haƙuri za a ba shi. Wanda ya je da kaye, dole a zauna a amsa masa. Ku rubuto mana sunan garinku da abin da kuka auna, ban da sunan kowa, za mu tattara mu karanto. Daga yau duk wanda ya ce mana "rezo ne", cikin ladabi za mu tambaye shi: sakan nawa, kuma a wane mataki?