Kyamarar Farko: Kada Kwali Ya Cinye Jari

Yau ba farashin gero ko atamfa zan taɓo ba. Maganar kyamara ce, babbar nan mai madubi a ciki wadda ake cire mata gilashi a ɗaura wani, masu hoto na ce mata DSLR.

Dalili kuwa, wani maƙwabcina a Fagge ya tattara 'yan kuɗinsa, har da na adashe, don ya kafa wa ɗansa sana'ar hoton biki da suna. Suka nufi Bata. Aka miƙo musu sabuwa dal, Canon 4000D, yaro ya ga kwali ya rikice, uba ya biya ko tayi bai yi sosai ba. Daren da aka fara kiran yaron aiki, wajen kamun amarya, ya ɗora mata filasha mai araha, ta ƙi tashi. Ashe wannan samfuri na 2018 ba a sa masa ɗan ƙarfen tsakiya da irin waɗannan filasha ke bukata ba. Kuɗi sun ƙare a kwali, hotuna sun fito duhu, dangin amarya suka hana cikon kuɗi.

To, ni ra'ayina, mai ƙaramin ƙarfi ya nemi 'yar Beljiyam mai lafiya. Tun 2018 Canon da Nikon suka juya akalarsu zuwa kyamara marar madubi, masu hoto a Ingila da Amurka suna ta sakin tsofaffin nasu, su ne suke gangarowa nan. Sabuwa kuwa farashinta a Wapa ake yanka shi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, duk motsin da dala ta yi da safe, kafin azahar ya iso kantin Bata.

Wacce za a saya? In Canon ce, 600D ta 2011. Tana da allo mai juyawa, tana ɗaukar bidiyo, kuma duk gilashin Canon mai alamar EF, tun daga na 1987, yana hawanta. In Nikon ce, D3200 ta 2012 ko D3300 ta 2014. Amma ga tarko: waɗannan ƙananan Nikon ba su da injin saiti a jikinsu. Ka sayi tsohon gilashi mai harafin D don araha, sai ka riƙa murzawa da hannu, ango ya wuce kana murzawa. Nemi mai AF-S.

Dillalai, ku yi haƙuri, a nan zan taɓa ku. Wallahi ku daina ruɗa yara da megafiksal. Sha takwas ɗin da ke cikin 600D ya isa albam, ya isa firam ɗin da za a rataya a falo. La'adar yini ɗaya ce za ku ci, amma yaron nan in ya tsaya da ƙafarsa shekara goma zai yi yana dawowa sayen batir da gilashi, kuma wurin wanda ya faɗa masa gaskiya zai dawo.

Na san za a ce tsohuwa ba ta da garanti. Gaskiya ne. Shi ya sa ba a sallama sai an gwada. Kowace kyamara tana ƙirga yawan ƙyaftawarta, ƙananan nan kuwa wajen 100,000 aka tsara su yi. Nikon tana rubuta lissafin a cikin kowane hoto, sai a duba a kwamfuta. Canon sai an jona ta da waya. In mai kaya ya ƙi a duba, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa, ka yi gaba. Sannan ka tsuke idon gilashin zuwa lamba 22, ka ɗauki sararin sama. Ɗigo-ɗigo baƙi ƙura ce, ana sharewa, mu da ke shan hunturu mun saba. Amma ka haska tocila cikin gilashin, in ka ga abu kamar saƙar gizo-gizo, funfuna ce, ta kayan da suka daɗe a laimar Ikko, wannan a bar wa mai shi. A rubuta lambar kyamara a rasit, da sharaɗin kwana uku, gaban shaida.

Kuɗin ma kada a zuba su duka a jikin kyamara. Kashi ɗaya cikin uku a ajiye: batir na biyu, saboda halin wutarmu, da memori biyu, da filasha. Abin da ya rage a tara wa gilashi mai lamba 50, f/1.8, shi ne ke fito da fuska tas a cikin zaure mai duhu.

Ku kuma 'yan Kwari da ke son ɗaukar shadda da leshi ku tura wa abokan ciniki a WhatsApp, ba da ku nake ba. Wayar da ke aljihunku ta isa, ku dai fito da kayan bakin ƙofa da hantsi.