Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Koci Kirk Ferentz Na Jami'ar Iowa

Ranka ya daɗe,

Ni ɗaya ne daga cikin dubban magoya bayan Hawkeyes da ke cika filin Kinnick a ranakun Asabar. Tun 1999 kake riƙe da ƙungiyar ƙwallon Amurka ta wannan jami'a, kuma ba na shakkar irin hidimar da ka yi mata. Ƙaunar ƙungiyar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ina cikin filin ranar 3 ga Satumba, 2022, da muka kara da South Dakota State. A ƙarshen zangon farko mun juya gaba ɗaya muna ɗaga wa yaran asibitin da ke kallon filin hannu, kamar yadda aka saba. Daga nan sai murna ta fara tsinkewa. An tashi 7 da 3, mu ke da nasara, amma ba a kai ƙwallo ƙarshen fili ko sau ɗaya ba. Maki uku na bugun tsakanin sanduna ne, huɗun kuma masu tsaro ne suka ƙwato su. Wani dattijo da ke kusa da ni ya naɗe tutarsa, ya fita bai ce uffan ba.

A farkon shekarar 2022 ne ka sauya wa mataimakanka ayyuka. Da Ken O'Keefe ya sauka daga horar da masu jefa ƙwallo, sai ka miƙa aikin ga ɗanka Brian, wanda dama shi ke tsara dabarun kai hari tun 2017. Gurbin da ya bari na 'yan gefen layi kuma ka ba Abdul Hodge. Tun daga ranar magoya baya suka rabu gida biyu. Wasu na cewa son kai ne tsantsa. Wasu na cewa mai tsara hari shi ya fi cancanta ya zauna da mai jefa ƙwallo kullum, don bakinsu ya zama ɗaya.

Ni dai ban taɓa shiga ihun a sallami Brian ba, domin na san abin da ya iya. A hannunsa ƙartin layin gaba suka ci kyautar Joe Moore a 2016. A hannunsa T.J. Hockenson da Noah Fant suka yi kakar 2018, har ƙungiyoyin NFL suka ɗauke su duka biyun a zagayen farko na zaɓen 2019. Sai aka ɗauke shi daga inda ya ƙware, aka kai shi gurbin da bai taɓa bugawa ba, bai kuma taɓa horarwa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shi da yaran da aka ba shi duk sun ɗanɗana kuɗarsu.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwo. Saboda dokar hana fifita dangi, Brian ya kasance a ƙarƙashin daraktan wasanni a takarda. A Fabrairun 2023 aka rage masa albashi da dala 50,000, aka gindaya masa sharaɗin matsakaicin maki 25 a kowane wasa. Sai ya zamana mutane sun daina kallon wasa, sun koma lissafi. Gaskiya ne raunin da 'yan wasanmu Cade McNamara da Luke Lachey da Erick All suka ji ya karya ƙungiyar, kuma masu kare ka suna da hujja a nan. Amma Penn State ta ci mu 31, Michigan 26, Tennessee 35, ba mu ci ko maki ɗaya ba a wasannin uku. Nasara goman da aka samu a kakar, gumin yaran mai tsara tsaro Phil Parker ne da ƙafar mai bugun ƙwallo Tory Taylor. A ƙarshe muƙaddashiyar daraktar wasanni Beth Goetz ce ta sanar, ranar 30 ga Oktoba, cewa Brian ba zai dawo ba. Da daga bakinka maganar ta fito, tun da wuri, da ta fi kare mutuncinsa.

Yanzu da ka kawo Tim Lester a madadin Brian, roƙona uku ne. Ka sakar masa mara ya gina harin yadda ya sani, ko da ya saɓa wa abin da ka saba. Duk mataimakin da za ka sauya wa gurbi nan gaba, ka fara duba ko ya san aikin da yaran wurin ke buƙata, domin shekaru huɗu ko biyar kawai yaro ke da su a jami'a, kuma ba sa dawowa. Sannan idan ka yanke shawara, ka fito ka faɗa mana dalili. Ba mu ce sai ka bi ra'ayinmu ba, amma mutumin da ya zauna cikin sanyin Nuwamba yana yi wa yaranka ihu ya cancanci a yi masa bayani.

Ina fatan ganin dattijon nan ya dawo kujerarsa a kaka mai zuwa, tutarsa a buɗe har busan ƙarshe.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mai goyon bayan Hawkeyes,
Iowa City, Amurka