RA'AYINMU: Babbar kasuwar kayan sadarwa, amma ina masana'antar?

A watan Janairun 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane a kan dala miliyan 285. A wancan lokaci layukan waya a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma samun layin NITEL a gida sai mai hanya. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150, albashi da fansho da rajistar jarrabawa duk ta waya suke bi. Wannan ci gaba ne da ba mai musunsa. Sai dai bayan fiye da shekara ashirin, kusan duk na'urar da wannan harka ke tsaye a kanta daga waje ake sayo ta, da dalar da ƙasar ke fafutukar nema.

Na'urorin da ke kan turakun sadarwa da waɗanda ke cikin cibiyoyin kamfanoni galibi na Huawei da ZTE ne na ƙasar Sin, ko Ericsson na Suwidin, ko Nokia na Finlan. Wayoyin da suka cika shagunan Computer Village a Ikeja da Banex a Abuja da Farm Centre a Kano, mafi yawansu Tecno ne da Infinix da itel, dukkansu na kamfani ɗaya, wato Transsion. Kamfanin nan yana da masana'antar haɗa wayoyi a Habasha fiye da shekara goma, alhali Najeriya na cikin manyan kasuwanninsa a duniya. Mu ne masu saye, ayyukan yin kuma suna can wajen wasu.

Muddin Naira na da ɗan ƙarfi, ba a cika jin ciwon wannan tsari ba. Da aka saki farashinta a watan Yunin 2023, ta faɗo daga kimanin 460 a kan dala zuwa sama da 1,500 a 2024, sai asiri ya tonu. Kamfanonin waya suna karɓar kuɗi da Naira, amma kayan aiki da wani kaso na hayar turaku da bashin waje duk da dala ake lissafinsu. MTN Najeriya ta yi asarar kimanin Naira biliyan 137 a 2023, sannan wajen biliyan 400 a 2024. A watan Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, ƙari irinsa na farko tun 2013. Ma'aikacin da ke sayen data daga albashinsa shi ya biya kuɗin rashin masana'anta, ko da bai san sunan na'ura ko ɗaya da ke kan turke ba.

Manufofi dai akwai su. A 2017 Mukaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a Umarnin Zartaswa mai lamba 003, wanda ya wajabta wa ma'aikatu da hukumomi ware aƙalla kashi 40 cikin ɗari na sayayyarsu ga kayan gida a wasu fannoni, ciki har da fasahar sadarwa. Shirin Faɗaɗa Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin kafa masana'antun haɗa wayoyi domin farashi ya sauko. A 2021 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da manufar bunƙasa kayan gida a fannin sadarwa, aka buɗe mata ofis na musamman a NCC. A watan Agustan 2022 Minista Isa Ali Pantami ya sanar da hana shigo da katin SIM. A watan Mayun 2025 kuma majalisar zartaswa ta amince da manufar fifita kayan Najeriya a sayayyar gwamnati. Takardu sun yi yawa, masana'antun da suka fito daga cikinsu kuwa ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai kuɗin da zai kafa masana'anta lissafi yake yi, ba jawabin minista yake sauraro ba. Zai duba kuɗin wuta, wanda a rukunin farko ya tashi daga kimanin Naira 68 zuwa 225 a kan kowane kilowat a watan Afrilun 2024, ban da dizal ɗin janareta. Zai duba kuɗin ruwa na banki, a ƙasar da Babban Banki ya kai ma'auninsa kashi 27.5 a ƙarshen wannan shekarar. Zai duba kwanakin da kwantenar sassa za ta yi a Apapa, da kuma wayoyin da ke shigowa ta bayan fage ba tare da sun biya kwabo ba. Idan ya haɗa wannan duka, ya ga sayo gamammen kaya daga Shenzhen ya fi masa sauƙi, to ɗan kasuwa zai zama, ba mai masana'anta ba. An gwada haɗa wayoyi a Legas da Osun a shekarun baya, amma ba ɗaya daga cikin yunƙurin da ya yi tasirin da za a gani a kasuwa. A Afirka ta Kudu ma, masana'antar Mara da aka buɗe a Durban da shagali a 2019 ba ta yi tsawon rai ba.

Ya kamata a faɗa wa kai gaskiya game da abin da zai yiwu. Najeriya ba za ta ƙera ƙwaƙwalwar waya ko na'urar 5G a nan kusa ba. Kamfanonin da ke yin wannan a duniya ƙalilan ne, kuma sun kashe biliyoyin daloli da shekaru masu yawa a kan bincike. Amma aikin sadarwa ba a nan ya tsaya ba. Akwai wayar faiba da bututun robar da ake zura ta a ciki, akwai ƙarafan turaku, da akwatunan ajiye na'urori, da batura, da faifan sola, da caja, da katin SIM. Waɗannan kaya ne masu nauyi da cin kuɗin dako, kuma ana buƙatarsu da yawa kowace shekara. Tuni kamfanin Coleman ya buɗe masana'antar wayar faiba a Arepo ta Jihar Ogun a 2022, da haɗin gwiwar Corning na Amurka. A Nasarawa an buɗe masana'antar tace ma'adinin litiyam a 2024, ma'adinin da ake yin batura da shi, a ƙasar da dubban turaku ke shan miliyoyin litocin dizal kowane wata. Daga nan ake fara hawa, domin sai an rarrafa kafin a tashi.

Ƙasashen da suka ci nasara haka suka yi. Indiya ta fara ne da ɗora haraji mataki-mataki, tun daga caja da batir har zuwa sassan ciki, sannan a 2020 ta fito da tallafin da ake biya bisa yawan abin da masana'anta ta ƙera ta sayar, maimakon bisa alkawarin da ta ɗauka. Yau ita ce ta biyu a duniya wajen ƙera wayoyi, har da iPhone take fitarwa. Biyetnam ta jawo Samsung da fili da wuta da tashar jiragen ruwa mai aiki, ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin kamfanin. Kenya ta buɗe masana'antar haɗa wayoyi a Athi River a 2023, da hannun jarin kamfanonin waya na ƙasar, waɗanda su ne masu sayen kayan tun kafin a ƙera. Abin da ya haɗa su shi ne tabbacin kasuwa da doka da ba ta canzawa duk lokacin da aka canza minista.

Irin wannan tabbaci yana hannun gwamnati a yanzu. Shirin shimfiɗa wayar faiba mai tsawon kilomita 90,000, wanda majalisar zartaswa ta amince da shi a 2024 kuma Minista Bosun Tijani ke jagoranta, an ƙiyasta zai ci kimanin dala biliyan 2. Da wuya a sake samun ciniki ɗaya mai girman wannan a fannin nan gaba kaɗan. Idan aka bari duk waya da bututu suka zo a jirgin ruwa, ƙasa za ta samu intanet da bashi, ta rasa masana'anta. An ga irin haka a baya. Rancen dala miliyan 328 da aka ƙulla da bankin Exim na Sin a 2018 domin aikin Galaxy Backbone, Huawei ne mai aiwatar da shi, kamar yadda irin waɗannan rance suka saba zuwa da ɗan kwangilarsu. Mai ba da rance yana kare masana'antar ƙasarsa ne, kuma ba laifinsa ba ne idan mai karɓa bai nemi rabonsa a teburin ciniki ba.

Masu adawa da fifita kayan gida suna da hujja da ya kamata a saurara. Kariya marar iyaka tana haifar da tsada da ha'inci, tana kuma samar da 'yan kwangila masu sayo kaya daga waje su liƙa masa tambarin Najeriya. A ƙasar da intanet mai sauri bai kai ko kusa da burin kashi 70 da aka sa wa 2025 ba, duk abin da zai ƙara wa talaka tsadar waya cutarwa ne. Saboda haka ba ma goyon bayan a rufe iyaka da umarni guda. Fifiko ya kasance da wa'adi, da ma'aunin inganci da NCC da SON za su tabbatar a ɗakin gwaji, da adadin ƙimar da aka ƙara a cikin gida wanda mai binciken kuɗi zai iya ƙirgawa. Wanda ya kasa cika sharaɗi a janye masa.

Muna kira ga Ma'aikatar Sadarwa da ta bayyana wa jama'a kason kayan gida da za a yi amfani da shi a aikin faiba, tun kafin a rattaba hannu kan manyan kwangiloli. Ma'aikatar Kuɗi da Hukumar Kwastam su tabbatar harajin sassa da kayan sarrafawa bai kai na gamammen kaya ba, domin in ya kai, an hukunta mai ƙerawa ke nan an saka wa mai shigowa. Bankin Masana'antu ya ware rance mai dogon zango ga masu yin waya da batura da turaku. Hukumar Kula da Bayar da Kwangiloli kuma ta riƙa wallafa, ma'aikata bayan ma'aikata, nawa aka kashe a kan kayan sadarwa da nawa ne na gida, kowace shekara. Sannan gwamnati ta riƙa biyan masu kawo mata kaya a kan lokaci, domin ƙaramar masana'anta ba ta iya jiran kuɗinta shekara biyu.

Mafi yawan wannan aiki a teburin ma'aikata yake. Jami'in saye da ke rubuta siffar kayan da ake so yana iya rubuta ta yadda kamfani ɗaya tak na waje zai cika, yana kuma iya rubuta ta yadda mai masana'anta a Ogun ko Kano zai iya shiga takara. Hadimin da ke shirya wa minista takardar majalisa shi ne ke yanke ko batun kason gida zai shiga ciki ko a tsallake shi. Umarni na 003 yana nan tun 2017. Ya kamata Majalisar Tarayya ta kira shugabannin hukumomi su nuna, da rasit a hannu, yadda suka bi shi, kafin a fara tona ramin kilomita 90,000.